Gidan Mai Saye da Gidan Mai Kwana: Martani ga Wani Ɗan Arewa Mazaunin Yamai

Kwanakin baya wata maƙala ta zo hannuna, wadda wani ɗan'uwanmu haifaffen ƙasar Arewa ta Nijar, mai ilmi da fasahar alƙalami, wanda aiki ya zaunar da shi a Yamai shekaru masu yawa, ya rubuta a kan irin gidajen da mutane suke so a wannan zamani, kuma na karanta ta sau biyu cikin natsuwa kafin in yarda wa kaina in ɗauki alƙalami, domin martanin da aka yi cikin gaggawa yakan zama husuma, ni kuwa ba husuma nake nema da shi ba. Taƙaitaccen abin da ya faɗa shi ne, zamanin ginin ƙasa da zaure da faffaɗan tsakar gida ya shuɗe. Mai neman gida a yau bulo da siminti yake so, da falo babba wanda madafa take haɗe da shi ba katanga a tsakani, da manyan tagogin gilashi, da tayil tun daga ƙofa har ƙurya, da makewayi a cikin kowane ɗaki, da bene idan hali ya samu. Sa'an nan ya rufe da cewa tun da mai saye shi ne mai hukunci, wajibi ne magina na Dogon Dutsi da Tibiri da Matankari su bi abin da kasuwa take so, in ba haka ba a tafi a bar su a baya.

Malam, ina gaishe ka da aikin da ka yi, kuma zan fara da biyan ka haƙƙinka kafin in nemi nawa. Ka yi gaskiya da ka ce mutanenmu sun gaji da soron da yake yoyo a tsakar dare, da yaɓen da ba ya ƙarewa, da fita bayan gari domin biyan bukata. Ka yi gaskiya kuma da ka ce talauci bai cancanci a yi masa kirari da sunan al'ada ba. A kan waɗannan babu saɓani tsakaninmu. Inda muka rabu shi ne a kan kalma guda wadda ka ɗora ginin hujjarka gaba ɗaya a kanta, wato kalmar mai saye, domin ka ɗauke ta kamar kowa ya san wanda ake nufi, alhali kuwa a ƙasarmu ita ce mas'alar da ya kamata a fara warwarewa.

Wane ne mai sayen gida a Arewa? Wanda ya san garuruwan kwarin Dallol Mauri, daga Dogon Kiriya da Sukukutan a arewa har ya gangaro Kore Mairuwa da Dumega da Gesheme a kudu, ya san da wuya mutum ya ga an gama gida tsaf an kafa masa alama ana jiran mai kuɗi ya zo ya zaɓa, kamar yadda ake yi a wasu unguwannin Yamai ko Abuja. A wurinmu gida tsirowa yake yi kamar itace. Mutum ya samu fili, ko na gado ko wanda hukumar gari ta yanka, ya kewaye shi da darni ko katanga, ya tada ɗaki guda da kuɗin wake ko na dankalin rani ko na bijimin da ya yi kiwo, ya shiga. Bayan shekara uku, idan damina ta yi albarka ko cin rani ya yi riba, ya ƙara na biyu. Idan ɗa ya isa aure a yanka masa gefe. Idan uwa ta tsufa a matso da ita kusa. Bankin gidaje da aka buɗe a Yamai a 2018 na mai albashi ne wanda za a iya cire masa kowane wata, manomi kuwa ba shi da takardar albashi, kuma ko yana da ita, da yawa daga cikinmu suna ƙyamar bashin da yake da ruwa a kai saboda tsoron riba. Saboda haka wanda ka kira mai saye, idan aka bi diddiginsa, kusan kullum mutum ɗaya ne: ɗan gari da ya yi arziki a wani wuri, ma'aikaci a Yamai ko ɗan kasuwa a Kwatano ko Legas, wanda zai aiko da kuɗi da zanen gida a waya, ya zo ya kwana bakwai da babbar salla ya koma. Waɗanda za su zauna a gidan sauran kwanakin shekara, wato tsohuwarsa da matarsa da ƴaƴansa da ƙannensa da baƙon da dare ya yi masa, ba su ka tambaya ba, kuma cikin maƙalarka duka ban ji muryar ko ɗayansu ba. Hausawa kuwa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba da ka nake faɗin wannan ba, a gidanmu na gani. Wana, wanda Allah ya buɗa masa a fatauci, ya ƙudurta zai saka wa mahaifiyarmu da alheri, ya rushe ɗakunan ƙasa biyu na tsohon gidanmu ya gina mata irin wanda ka siffanta, bai rage komai ba, har da gilashi mai duhu da fitilu a cikin silin, kuma Allah ya sani da kyakkyawar niyya ya yi, ya kashe dukiyar da ya tara da gumi. Ranar da aka buɗe gidan ƴan unguwa suka cika shi suna sa albarka, Inna ma ta yi ta addu'a har da hawaye. Da bazara ta kama na zo gaishe ta, sai na tarar da ita da azahar a ƴar inuwar da ta rage a bayan ginin, ta shimfiɗa tabarma tsakanin bango da katanga, wurin da bai fi kamu huɗu ba, ga tsintsiya da buta da carbi a gefenta. Na ce, "Inna, ga ɗaki an yi miki, me ya fito da ke nan?" Ta dube ni ta yi shiru, domin ba ta son a ce ta raina kyautar ɗanta, ɗan fari kuma wanda ko sunansa ba ta kira, sa'an nan ta ce, "Wanga ɗaki shina da kyawo ƙwarai, Allah shi yi mai albarka, amma ba ni iya zama cikinai sai rana ta faɗi." Ko da rana ta faɗin ma, na lura ba a ciki take kwana ba, domin bangon yakan riƙe zafin yini ya yi ta amayar da shi har tsakar dare.

Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, kowane tsohon magini ya san shi ko da bai shiga makarantar boko ba. Bangon ƙasa mai kauri a hankali yake shan zafi, rana tana dukansa tun hantsi amma zafin ba ya ratsawa ya kai ciki sai an yi sa'o'i masu yawa, lokacin da iskar dare ta riga ta fara sanyaya shi daga waje. Da hunturu kuma sai al'amarin ya juye, ya riƙe ɗumin yini ya ba mai ɗaki da asuba. Bulon siminti kuwa siriri ne, cikinsa rami, zafi yana ratsa shi da wuri, kwano a kansa yana ɗaukar rana kamar tanda, gilashin da ya fuskanci yamma kuma yana shigo da hasken la'asar ya kulle zafinsa a ciki. A ƙasar da ma'aunin zafi yake wuce 40 a watannin Afrilu da Mayu kusan kowace rana, irin wannan gida ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, na'urar kuma ba ta aiki sai da wutar lantarki mai ɗorewa da aljihun da zai biya kuɗinta kowane wata. To, ka tuna abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da Nijar take amfani da shi, Yamai da Dosso suka yi ta fama da ɗaukewar wuta watanni. A wancan lokaci masu manyan gidajen gilashi da yawa sun gane cewa sanyin ɗakinsu a hannun wata ƙasa yake. Idan haka ta samu babban birni, ina ga ƙauyen da ke bayan Ɗankasari, wanda igiyar wuta ba ta taɓa isa gare shi ba? Ban ga ka kawo wannan lissafi ba ko a wuri guda, alhali shi ne lissafin da matar gida take yi kowace azahar.

Na san hujjarka mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba, domin ita ce take sa mutane masu hankali su karkata zuwa ra'ayinka. Ka ce ƙasa tana narkewa, siminti ba ya narkewa. Ka kawo daminar 2024, wadda ambaliyarta ta halaka mutane sama da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba na shekarar. Wannan musiba ce ta haƙiƙa, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin ruwa da fitila yana kallon bangon ɗakinsa yana zubewa ba zai so a yi masa wa'azin kyawun tubali ba. Sai dai ina roƙon ka mu duba ta inda ruwa yake kada gida. Da wuya ruwan da ya sauko daga sama ya narkar da bango mai kyakkyawan yaɓe da indararo mai tsawo. Abin da yake kada shi galibi shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa kwana da kwanaki, ya jiƙa tushe, ƙasa ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta. Dogon Dutsi gari ne da yake kwance a gindin duwatsu, ga Tozon Bijini yana kallonsa, idan aka yi ruwa mai ƙarfi koramu sukan sauko daga tuddai da gudu su ratsa unguwanni suna neman tabki. Kuma abin da ya rage wa garin wannan azaba a shekarun baya shi ne shingayen duwatsu da aka jera a kan hanyoyin ruwa a gangaren tuddai, da taimakon mutanen garin Orsay na Faransa da suka ƙulla abota da garinmu, domin a karya ƙarfin ruwan tun bai iso gidaje ba. Wannan aiki na jama'a ne da hukuma, ba ya cikin zanen gidan kowa. Gidan bulo da aka kafa a bakin korama, a filin da bai kamata a yanka wa kowa ba, ruwa yakan ƙwaƙule ƙarƙashinsa ya tsage, na kuma ga irinsa da idona. Maganin da ya dace da cutar shi ne a zaɓi wuri, a haƙa tushe, a jera dutse, wanda Allah ya wadata mu da shi a kowane tudu, a ɗaure shi da siminti har ya ɗaga sama da inda ruwa yake kaiwa, sa'an nan a ɗora ƙasa a kai, a yi mata rufi mai baki da zai kare ta. Da gwamnati ta rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024 domin mutane su sake gini, na yi murna, amma na so a ce an haɗa da koya wa mutane inda buhu goma zai fi amfani, domin talakan da ba zai iya sayen buhu ɗari na gida sukutum ba yana iya sayen goman da za su tsare masa tushe.

Akwai wata matsala ta ginin ƙasa wadda kai ba ka ambata ba, ni zan ambata maka ita, domin ina son a san ba ɓoye aibin abin da nake karewa nake yi ba. Azara ta yi tsada. Giginyar da ake tsagawa a samu azarar da gara ba ta ci, mafi yawanta daga kudancin kwarin nan namu take fitowa, wajen Gaya, kuma an daɗe da sa mata ido da doka saboda sara ya yi mata yawa. Samarin da a da suke taruwa a yi gayyar kwaɓa da yaɓe kuma, da an gama girbi sun tafi cin rani, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa, wato sun tafi da lokacin gini gaba ɗaya. Amma masu hankali sun daɗe suna neman mafita, kuma sun samu. Tun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a Cikal, wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ko baka na tubali zalla ba azara ko guda, aka kuma horar da magina da yawa a kan haka. A Yama, cikin jihar Tawa, wani magini manomi, Alhaji Falke Barmu, ya gina masallacin Juma'a na ƙasa wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, duniya ta zo tana kallo. A Dandaji, nan kusa da Yama, Mariam Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka gina sabon masallaci da tubalin jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, suka mayar da tsohon masallacin ɗakin karatu, aka gama a 2018. Kafin wannan kuma, Mariam da abokan aikinta sun gina jerin gidajen zama da irin wannan tubali a cikin Yamai kanta, inda kake zaune, masu hawa biyu, da farfajiya a ciki. A Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano sama da rufin ya bar rata a tsakani domin iska ta riƙa wucewa tana kwashe zafi, kuma a 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda babu ta sama da ita a wannan fanni. Na jero waɗannan ne domin ka ce ƙasa alamar ci baya ce. Ga shi kuwa waɗanda suka yi karatun gini mai zurfi a Amurka da Jamus sun dawo suna durƙusa wa ƙasar da muke takawa suna neman sirrinta.

Duk da haka, da a ce saɓaninmu a kan kayan gini ya tsaya, da ban tsawaita ba, domin mutum yana iya gina gidan kirki da bulo idan ya yi bango mai kauri, ya ɗaga rufi, ya juya tagogi ga barin rana. Abin da ya fi damuna a maƙalarka shi ne tsarin gidan, musamman inda ka kira zaure da tsakar gida ɓarnar fili. Zaure, Malam, shi ne wurin da gida yake ganawa da duniya ba tare da ya tone cikinsa ba. A nan mai gida yake karɓar baƙo, a nan ake sulhunta masu faɗa, a nan almajiri yake tsayawa ya yi bara, a nan malami yake ba da karatu da asuba, a nan matafiyin da mota ta lalace masa a kan babban titin Yamai zuwa Ƙonni yake samun tabarma da ƙwaryar hura, duk kuwa matan gida suna ciki suna harkarsu, ko da ɗaurin ƙirji, babu wanda ya gan su. Shari'a ta umurce mu da neman izini kafin shiga gidan wani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, kakanninmu kuma suka mayar da wannan umurni gini, suka karkata ƙofar ciki ga barin ta waje domin ido kada ya zarce. A gidan da kake yabo, baƙo yana buɗe ƙofa ya faɗo tsakiyar iyali. Ko dai matar gida ta yini cikin lulluɓi a gidanta, ko ta ƙule a ɗakin kwana duk lokacin da aka yi sallama, ko kuma mai gida ya daina karɓar baƙi, wanda shi ne abin da na ga yana faruwa a hankali. Ka ce wannan tsari ƴanci ne ga mace, ni kuwa na ga ya ƙwace mata faɗin gida ya bar mata ɗaki guda.

Game da bene da manyan tagogi kuwa, ba yau malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka fara magana a kai ba. A ƙarni na 14 wani magini na Tunis mai suna Ibnur Rami ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, ya tattara fatawoyi a kan taga mai leƙa gidan maƙwabci, da ƙofar da aka buɗe daidai ƙofar wani, da indararon da yake zuba a filin da ba naka ba, da hayaƙi da wari da ƙara. A nan kusa da mu ma, a ƙarni na 19, Alƙali Idirisu ɗan Halidu na Gwandu ya tattara irin waɗannan mas'aloli domin yanke husuma tsakanin maƙwabta. Asalin da duka suka ginu a kansa shi ne hana cuta da cutarwa. Yau mutum yakan tada bene a tsakiyar unguwar da kowa yake kwana a waje da bazara, ya huda tagogi ta fuska huɗu, gidaje biyar ko shida su rasa sitirarsu dare ɗaya, matan da suke wanka a bayan ɗaki su koma ɗaura zane a kan igiya, kuma babu mai iya magana domin mai benen mai kuɗi ne. Wannan shi ne aibin mizanin da ka ɗauka: idan abin da mai saye yake so shi ne hukunci, to maƙwabci ba shi da wurin kai ƙara, domin shi bai sayi komai ba.

Madafa a cikin falo kuma, ban san ko ka tambayi wata mace a Kiyeshe ko Bagaji ba kafin ka rubuta. Abincinmu hatsi ne, hatsi kuwa sai an sussuka, an sheƙe, an surfa, an wanke, an daka ko an kai inji, kuma duk wannan yana son sarari da iska da wurin da turmi zai zauna a ƙasa ba a kan tayil ba. Ko da iskar gas ta fara shiga gidaje tun da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, tukunyar tuwon mutum ashirin har yanzu a kan murhu take, ranar suna ko biki ko sadakar bakwai kuwa sai tukwane biyar. Tunkiyar da mace take kiwo domin layya, wadda ita ce asusunta da ba ta neman izinin kowa kafin ta sayar, ina za ta ɗaure ta? Rumbu ina zai tsaya? Ranar da rai ya yi halinsa, ina za a yi wa mamaci wanka cikin sitira, ina mata za su zauna makoki? Filin da ka kira ɓarna shi ne yake ɗauke da duk wannan.

Wuri guda ne na daɗe ina juya maganarka a zuciyata, wato inda ka ce amaryar yau tana son ƙofarta da makullinta da makewayinta, ba ta son idon uwar miji da na facaloli a kan tukunyarta. Wannan gaskiya ne, kuma haƙƙinta ne, domin fiƙihu ma ya ba mace damar neman mazaunin da ya keɓanta da ita, kuma mun san gidaje da yawa da cunkoso ya ɓata zumuncinsu. Amma ka lura, tsohon tsarin sassa ya fi naka iya biyan wannan bukata. A gida mai sassa kowace mace tana da ɗakinta da ƴar farfajiyarta da katangar da ta raba ta da ƴar'uwarta, sai a ƙara mata famfo da makewayi mai kyau da daɓen siminti, a gama. A gidan da yake dunƙule ƙarƙashin rufi ɗaya, mai mata biyu zai ajiye su ƙofa na kallon ƙofa a kan siririn lungu, falo ɗaya, madafa ɗaya, kowace tana jin tarin ƴar'uwarta. Wanda ya san zaman kishi ya san abin da wannan zai haifar. Sa'an nan ga mas'alar gado, wadda ban taɓa jin masu zanen gidajen zamani sun kula da ita ba. Idan mai gida ya rasu ya bar mata da ƴaƴa goma sha biyu, gida mai ɗakuna a warwatse yana karɓar rabo: a ja katanga nan, a huda ƙofa can, kowa ya samu inda zai sa kansa, gwauruwa ta ƙare kwanakinta a ɗakin da ta haihu. Gidan da yake guda ɗaya ba ya tsaguwa, sai a yi masa kuɗi a sayar a raba, kuma kason kowane ɗaya ba zai saya masa ko fili ba. A nan ne, Malam, ake samun mai sayen da kake magana a kansa, a ranar da marayu suke fita da kayansu.

Kada ka ɗauka ina kiran mutane su koma zamanin da Sarauniya Mangu ta fuskanci rundunar Bafaranshe Voulet a Lugu a 1899, lokacin da galibin ɗakunan Arewa bukkoki ne da kagogi masu jinka. Gidan Ba'are, wato mutumin Arewa, bai taɓa tsayawa wuri guda ba: daga bukka aka koma kago, daga kago aka koma shigifa mai kusurwa huɗu, kwano ya zo aka karɓa, ƙofar ƙarfe ta zo aka karɓa, yau ga faifan hasken rana a kan rufi har a ƙauyuka, babu wanda ya yi masa gardama. Sai dai a duk waɗannan sauye-sauye, masu kwana a gidan ne suka auna abin da ya zo, suka ɗauki mai amfani suka saka shi cikin tsarin da ya dace da iskarsu da addininsu da sana'arsu. Abin da kake kira gare shi ya bambanta da wannan, domin zane ne da aka yi wa wata ƙasa mai sanyi da ƙaramin iyali da wutar da ba ta ɗaukewa, aka gani a waya aka yi sha'awa, ake so a dasa shi a gindin dutse a ce wa mazauna su sake halinsu domin su dace da shi. Da ka ce wa maginanmu su koyi awon tushe, da haɗin siminti na gaskiya ba na ha'inci ba, da matse tubali da inji, da ɗaga rufi, da haƙa masai nesa da rijiya, tun da ruwan kwarin nan a wurare da yawa ba shi da zurfi, da ni ne farkon mai sa hannu a maƙalarka.

Wana, Allah ya saka masa, da ya zo ya ga abin da na gani, bai yi musu ba. Ya kira wani tsohon magini na unguwarmu wanda aka daina ba aiki, ya ce masa, "Baba, ga abin da ya rage na fili, yi wa Inna yadda ka san za ta ji daɗi." Tsohon ya sa aka ɗebo dutse daga tudu ya ɗaure tushe da siminti har gwiwa, ya tada ɗaki guda na ƙasa mai kaurin bango, ƙofa tana kallon kudu, da ƴan tagogi biyu ƙanana a sama suna fuskantar juna, ya yi rumfa a gaba, ya bar wurin murhu da turke, aka dasa dogon yaro a kusurwa. Damina biyu ke nan ɗakin bai tsage ba. A ciki Inna take ƙailula, a rumfar take karɓar ƙawayenta, babban gidan kuwa ana share shi ana rufewa, sai wana ya zo da iyalinsa da salla a buɗe. Idan Allah ya kawo ka gida a cikin watan Afrilu mai zuwa, ka biyo ta wurinmu bayan azahar, mu zauna sa'a guda a wancan, sa'a guda a wannan, sa'an nan ka tambayi Inna da bakinka abin da take so a gida, ka rubuta amsarta a maƙalarka ta gaba.